Wasiƙar Shaidar Malam Saura-Ƙiris

SHAFI NA 23

Masu turo min saƙo cewa na yi kwana tara ban saki komai ba, na gani. Har da wanda ya tambaya ko rasuwa na yi. Ina nan da raina, gilashin idona ne na zauna a kansa. Mu je zuwa.

*

Tubali na goma sha biyu Malam Saura-Ƙiris ya fasa, sai wurin rubutu ya ƙare masa a takarda.

Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki a ɗakin gwajin kankare na jami'a. Ɗalibai su kwaɓa siminti, su zuba a 'yan ƙananan akwatuna, a jiƙa tubalan cikin ruwa kwana ashirin da takwas cif. A rana ta ashirin da takwas shi kuma ya sa su a bakin inji, ya matse har su fashe, ya rubuta nauyin da suka ɗauka kafin su ba da kai. Da lambobin da yake rubutawa mutum talatin da ɗaya suka zama daktoci. Shi kuwa tun digiri na biyu yake tsaye wuri ɗaya, kamar wanda aka ce ya jira a bakin ƙofa aka manta da shi. Duk wanda ya ce, "Malam, naka digirin digirgir fa?" sai ya ce, "Saura ƙiris." Sunan ya bi shi, har autarsa ta taɓa rubuta shi a fom ɗin makaranta, wurin sunan mahaifi.

Injin kuwa Gwaggo ake ce mata, don ta girmi kowa a ginin, kuma ba ta aiki sai ta ga dama. Bawul ɗinta na mai ya daɗe da lalacewa. Shi kaɗai ya san yadda ake tokare shi da wani lanƙwasasshen cokalin shayi, a ɗan karkace, ana saurarar nishinta. An taɓa kawo masu gyara biyu daga waje. Ɗaya ya koma da baƙin mai har cikin kunne, ɗayan bai sake ɗaga waya ba.

A sashen nan ba a ba ɗakin gwaji sabuwar takarda. Waɗanda aka riga aka buga abu a gefe ɗaya ake tattarowa daga ofishin Farfesa, shugaban sashen, a yi rubutu a bayansu. Yau da safe Anti, sakatariyar Farfesa, ita da kanta ta sauko da su, duk da ciwon gwiwarta, ta dire masa a kan benci ta juya.

Da shafin ya cika, sai ya juya takardar ko zai samu ɗan fili a ƙasa.

Sai ya ga sunansa. Na gaskiya, wanda mahaifinsa ya raɗa masa.

Wasiƙa ce, da Turancin Farfesa mai sanye da kwat. Ga abin da ta ce:

"Na san mai neman gurbin shekara goma sha tara. Mutum ne mai biyayya, ba ya makara, kuma yana tsabtace ɗakin gwaji. Hannunsa yana da kyau a kan inji. Sai dai ban taɓa ganin ya kawo wani tunani na kansa ba, kuma a shekarunsa da nauyin iyali ina shakkar zai iya kammala bincike shi kaɗai."

Shi ke nan. Sa hannun Farfesa a ƙasa, kwanan watan jiya a sama.

Ya karanta sau uku. A karo na uku har ya gyara wani waƙafi a zuciyarsa, don sabo.

Yau ƙarfe huɗu na yamma ake rufe karɓar takardu a wata jami'a da ke ƙetare. Mai bincike ɗaya suke nema, shekara huɗu, a kan kankare mai araha da ake haɗawa da toka, in ya gama a ba shi digirin digirgir. Sun ce kada mai nema ya wuce shekara arba'in da biyar. Nan da mako uku Saura-Ƙiris zai cika arba'in da shida. Komai nasa ya shiga, wasiƙar shaida daga shugabansa kawai ta rage, ita kuwa kai tsaye ake turawa, mai nema ba ya ganinta. Wannan ne nemansa na shida. Sau biyar na baya amsa ɗaya ya samu, har ya haddace ta: muna baƙin cikin sanar da kai.

Wayarsa ta yi ƙara. Maman yara ce.

"Baban yara, Farfesa ya tura?"

"Ina kan dubawa."

"Muryarka ta yi wani iri. Gwaggo ce ta sake tofa maka mai?"

"A'a."

"To ka hau ka tuna masa. Kada ka je kana sunkuyar da kai kana 'ranka ya daɗe, in ka samu sarari.' Ka ce masa yau ne. Kwat ɗin nan da na saya maka tun neman farko na fito da ita na shanya. Maɓalli ɗaya ne ke shiga yanzu."

"Ɗinkin ne ya tsuke."

"Ƙwarai. A cikin akwati ya tsuke."

Ta kashe.

Ya kashe Gwaggo, ya zare cokalin ya jefa a aljihu, don in ya bar shi ɗalibai shayi suke motsawa da shi. Ya ɗauki takardar ya hau bene. Ƙarfe uku da minti biyar.

Anti tana zaune a teburinta tana jera fayil, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Anti, yana ciki?"

"Yana ciki. Ka ga takardun da na kawo maka?"

"Na gani."

"Gaba da baya?"

Ya tsaya yana kallonta.

"Shiga," in ji ta. "Kuma ka miƙe wuyan nan naka."

Farfesa yana bayan ƙaton teburinsa, jan biro a hannu, yana yi wa kundin wani ɗalibi aika-aika. Mutum ne da bai yarda da kwamfuta ba. Da hannu yake rubutu, Anti ta buga, ya gyara, ya sa hannu, ita ta tura. Kuma ba ya ce wa Saura-Ƙiris "ƙanena" sai in akwai abin da za a ɗauka mai nauyi.

"A'a, ƙanena! Har ka gama? Duka sittin ɗin?"

"Goma sha biyu, ranka ya daɗe."

"Sha biyu? Uku ta wuce fa! Ka san ƙarfe shida ake kashe wutar ginin nan. Kawo in gani."

Ya fizge takardar, ya tura gilashi kan hanci, ya bi lambobin da biro.

"Talatin da huɗu. Talatin da shida. Talatin da biyar da rabi. Kai! Tokar nan da aka haɗa da simintin ta ba da mamaki. Masu ɗaukar nauyin binciken nan in suka ga wannan ranar Litinin, sai sun tashi tsaye."

"Juya, ranka ya daɗe. Akwai sauran sakamako a baya."

Farfesa ya juya.

Fanka tana ta juyawa a sama. Can ƙasa wani ɗalibi yana jan baro, ana jin kukan tayar.

"Ina ka samo wannan?"

"A cikin takardun da ake ba mu mu yi rubutu a bayansu. Kai ka kafa dokar, ka ce kada a ɓata takarda."

"Wasiƙar shaida sirri ce."

"Haka ne. Shi ya sa shekara biyar ina zargin hotona. Sau uku na canja shi. A na ƙarshe har gemu na rina, maman yara ta ce na yi kama da wanda ake nema ruwa a jallo."

Farfesa bai yi dariya ba.

"Ta bana ce kaɗai, ranka ya daɗe, ko haka sauran suke?"

"Zauna."

"Shekara goma sha tara ban taɓa zama a ofishin nan ba. Kada ƙafafuna su ruɗe."

Farfesa ya ajiye biro. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ka saurare ni. In ka tafi, wa zai riƙe Gwaggo? Ɗalibai bakwai nake da su, kowanne da tubalansa a ruwa. Sau tara na rubuta a sayo sabon inji, sau tara aka ce ana duba lamarin. Ka tafi yau, gobe sai dai mu riƙa fasa kankare da guduma muna kintace."

"To da ka ce min haka."

"Da na ce maka, za ka zauna?"

Saura-Ƙiris ya san gaskiyar magana, da ya zauna. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

"Kuma me za ka je yi can?" Farfesa ya samu ƙwarin gwiwa. "Mutum da furfurarka, ka je ka zauna a aji da sa'o'in 'yarka ta fari, wata yarinya tana jan layi a ƙarƙashin rubutunka? Nan kowa ya san ka. Kowa yana girmama ka."

"Kowa ya san ni da Saura-Ƙiris."

"Wasa ne na yara."

"Kai ma haka ka kira ni a taron sashe. Da lasifika."

Farfesa ya duba tagar.

Saura-Ƙiris ya matso, ya ɗora yatsa a kan layi na huɗu. 

"Zancen shekaru ban musa ba, gwiwata ma shaida ce. Biyayya kuwa na gode. Amma wannan. 'Bai taɓa kawo wani tunani na kansa ba.' Ranka ya daɗe, tokar ɓuntun shinkafa fa?"

Bai ɗaga yatsan daga layin ba, ya ci gaba.

"Wa ya je injin casar surukinsa, ya ga tarin toka ya daskare bayan ruwan sama kamar dutse? Wa ya ɗauro buhu biyu a bayan babur, ya iso nan fari fat kamar an tono shi? Wata goma sha ɗaya ina ƙona ɓuntu a cikin durom a bayan ginin nan, ina neman zafin da ya dace, har masu gadi suka kai ƙarata. Ranar da na kawo maka lambobin farko cewa ka yi in daina wasa da shara."

"Na gode maka a maƙalar."

"Na gani. Shafi na ƙarshe, ƙaramin rubutu. 'Muna godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji.' Ranka ya daɗe, ni kaɗai ne a ɗakin. Ni ne ma'aikatan."

Mu da muka kai irin waɗannan shekaru mun san yadda tsufa yake zuwa. Ba a hankali yake zuwa ba, rana ɗaya yake faɗo wa mutum, yawanci a gaban wanda ba ya so ya gani. Haka ya faɗo wa Farfesa. Kafaɗunsa suka sauka, wuyan rigar ya yi masa yawa.

"Kana tsammani ban sani ba?" ya ce a hankali.

Ya laluba aljihu ya ciro 'yan makullai, ya sunkuya da ƙyar wajen durowar ƙasa.

"Duk shekara wasiƙa biyu nake rubutawa. Ta farko doguwa, shafi uku. A cikinta nake faɗin gaskiya, duk abin da ka lissafa yanzu da wanda ka manta. In sa hannu, in ce bana kam zan sake shi. Sai in sauko ƙasa, in tarar da kai da Gwaggo, kana mata magana tana amsawa. Sai in hawo in rubuta gajerar."

"Ta gaskiyar kuma ina take zuwa?"

"Nan."

Ya jawo durowar. Ga su nan a jere, kowace da ƙaramin ƙarfe a kusurwa. Farfesa ya fito da su ya ɗora a tebur, kamar mai nuna shaidar cewa shi mutumin kirki ne a ɓoye.

"Ka gani? Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar."

Ya sake leƙa durowar. Ya zura hannu har ƙurya. Ya sake ƙirgawa.

"Ina ta bana?"

Ya kai hannu zai danna ƙararrawa, amma Anti tana tsaye a bakin ƙofa tuni, ta harɗe hannuwa. Da alama ta jima a wurin.

"Ina doguwar wasiƙar da na sa wa hannu shekaranjiya?"

"Ta tafi, Yallaɓai. Tara da minti goma sha biyu na safe."

"Ta tafi ina?"

"Inda aka rubuta ta don ta je."

"Gajerar na ce ki tura!"

"Ka ce. Gajerar ga ta nan a gabanka, an yi lissafi a bayanta. Ba a ɓata takarda ba."

Saura-Ƙiris ya juyo ya dubi Anti. Ya dafa bango.

"Anti, kina nufin..."

"Kai yi min shiru, ban zo kanka ba tukuna. Mutum kamar kai, a ce shekara biyar ana maka abu ɗaya ba ka taɓa tambaya ba, sai canja hoto." Ta juya ga Farfesa. "Shekara biyar ina buga biyu, in tura ɗaya, in koma gida abinci ya ƙi wucewa. Bana shekarunsa sun zo baki, babu wata baɗi. Na ce to, wannan karon yatsana ya zame."

"Kin san abin da kika yi? Zan iya korarki a kan wannan!"

"Saura min kwana tara in yi ritaya, Yallaɓai. In kora ce ka hanzarta. Kuma ka rubuta da kyau yadda zan gane, don ni ce mai bugawa."

Farfesa ya miƙe, ya koma ya zauna. Gumi ya keto masa a goshi duk da fanka.

"Kin karanta shafi na biyu?"

"Ni na buga shi. Sau shida."

"Me ke shafi na biyu?" in ji Saura-Ƙiris.

Ba wanda ya kula shi. Sai da ya sake tambaya, sannan Farfesa ya amsa, idonsa a kan tebur.

"Na rubuta cewa aikin tokar nan naka ne daga farko har ƙarshe. Na ce maƙaloli ukun da suka fito da sunana, da sunanka ya kamata su fito. Na rubuta ne don na san ba mai karantawa." Ya dubi wasiƙun da ke kan tebur. "Matar da ke shugabantar binciken can, tana cikin masu tace mujallar da ta buga su. In ta kai shafi na biyu, shekara arba'in da na yi ina gina sunana sun zama ɓuntu."

Ya jawo tallar gurbin daga ƙarƙashin fayil, ya bi ta da yatsa har ƙasa.

"Yauwa. Mai ba da shaida yana iya janye wasiƙarsa ya sauya wata, in ya kira kafin a rufe. Ƙarfe nawa?"

Agogon bango ne ya ba shi amsa: uku da minti ashirin da biyar.

Ya jawo wayar tebur.

"Ƙanena, ka fahimce ni. Zan rubuta maka wata. Mai kyau. Matsakaiciya. Ba zan sa zancen shekaru ba."

"Da zancen toka?"

"Toka ba ta shigo ciki ba."

"Binciken nasu a kan toka ne, ranka ya daɗe. In babu ita, mai share ɗakin gwaji ne ke neman digiri."

Farfesa ya fara danna lambobi, yana duba takarda, yana dannawa da yatsa ɗaya.

Anti ta kalli Saura-Ƙiris. Kallon nan ne da maman yara take masa in mai gyaran famfo ya yi aikin banza shi kuma yana masa godiya.

Maganar tana bakinsa a shirye, wadda ya saba: ba komai, ranka ya daɗe. Shekara goma sha tara tana fita da kanta, ko bai kira ta ba. Ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya share fuska kafin ya faɗe ta.

Sai ya taɓa cokali.

Ya fito da shi, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Baƙi, lanƙwasasshe, yana warin mai. Ya ɗora shi a kan teburin, daidai kan lambobi goma sha biyun nan.

Farfesa ya tsaya da dannawa.

"Mene ne wannan?"

"Cokalin Gwaggo. Saura tubali arba'in da takwas a ƙasa. Yau ne kwanansu ashirin da takwas, gobe kuwa duwatsu ne kawai, gwajinsu ba shi da amfani, kai ka koya min haka. Kowanne minti uku yake ci. In an fara yanzu, da ƙyar a gama kafin a kashe wuta."

"To me kake jira? Sauka mana!"

"A ɗan karkace ake sa shi, ranka ya daɗe. Hagu. In ta fara tari ka sassauta, in ta yi shiru ka matsa gefe, don tofi za ta yi."

"Barazana kake min?"

"Ni? Wane ni. Wasiƙarka ta ce ba ni da tunani, hannu ne kawai. To hannun ne ya gaji."

Ya jawo kujerar baƙi, wadda ya sha gogewa bai taɓa hawa ba, ya zauna. Ashe laushi ne da ita. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya don kada a ga suna karkarwa, sai duka biyun suka kama karkarwa tare.

Anti ta tura ƙofa ta rufe, ta jingina da ita.

Farfesa ya kalli cokali. Ya kalli agogo. Ya danna lamba ta ƙarshe.

Wayar ta yi ƙara can ƙetare. Sau ɗaya. Sau biyu. Ɗakin ya yi tsit har ana jin ta daga inda Saura-Ƙiris yake zaune.

A ta uku aka ɗaga. Muryar mace ce, a natse.

"Ofishin ɗaukar masu bincike. Da wa nake magana?"

Farfesa ya buɗe baki.